Malam Sammani da Zomanyar da Aka Cinye a Takarda

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Ƙofar 'Yandaka, Malam Sammani ba ya tsayawa hirar bakin masallaci. Yakan ɗaura jarka biyu a bayan kekensa, ya biya ta wurin masu kayan miya ya kwashi ganyen kabeji da na karas da aka zubar jiya, sannan ya miƙe zuwa makarantar sakandaren da yake aiki. Kafin ɗalibi na farko ya shigo, ya isa bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda kejin zomayen makarantar ke jere a inuwar bishiyoyin bedi.

Ba da abinci yake farawa ba. A cikin kowane keji akwai ƙaramin kasko na yumɓu, mai nauyi, wanda zomo ba ya iya kifarwa. Sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya cika da ruwa, ya mayar. Kasko arba'in da biyu ne a ƙidayar ƙarshe. Bayan nan ne zai zuba dusa da harawa da ganye, ya bi zomayen yana duba haƙori da tafin ƙafa da cikin kunne. Da azahar ya sake cika kaskon. Kafin ya tashi aiki ya sake. Ba Asabar, ba Lahadi, ba hutun ƙarshen shekara, kuma duk yajin aikin da aka yi a tsawon zamansa bai shafi bayan ɗakin gwaje-gwaje ba.

Haka ya yi daga Janairun 1990 zuwa Janairun bana. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce leburan gona. Takardar sallamarsa ma, bayan shekara talatin da biyar, leburan gona ta ce. Ba zan ambaci sunan makarantar ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Idan aka tattara aikin mutumin nan duka, magana ɗaya ce yake ta maimaitawa: zomo yana shan ruwa. Abin takaici ne a ce mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan wannan, amma haka ta kasance, domin a garin nan akwai masu digiri da za su dafa ƙirji su ce maka zomo bai shan ruwa, in ma ya sha cikinsa ya kumbura ya mutu. Ba wanda zai gaya maka inda ya samo. Kowa daga wani ya ji.

Malam Sammani ya san inda kuskuren ya samo tushe. Da damina ake yawan sayen zomo, lokacin da ɗanyar ciyawa ta wadata. Zomon da ke cin ɗanyen ganye yana samun ruwa daga ganyen, ba ya nuna ƙishi sosai, sai mai shi ya ce ai ga shi nan, wata uku bai sha ba kuma lafiyarsa lau. Rani ya shigo, abinci ya koma busasshiyar harawa da dusa. Bazara ta zo, zafi ya kai inda yake kaiwa a Katsina. Wata rana a tarar da zomo a miƙe. Daga nan sai a haifi kuskure na biyu: a ce dama zomo bai wuce shekara biyu, wa'adinsa ne ya yi. An hana dabba ruwa, ta mutu da ƙishirwa, an ɗora wa wa'adi.

Ga abin da ya gani da idonsa, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurara. Cikin zomanya kwana talatin da ɗaya ne, ko da ɗan ƙari ko ragi. In haihuwa ta matso takan figi gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa. 'Ya'yan kan zo tsirara, ba gashi, ido a rufe. Wajen kwana goma su buɗe ido, wajen mako uku su fara leƙowa waje, a yaye su bayan mako shida. Wata biyar zuwa shida sun isa barbara. Zomanya kan yi haihuwa mai kyau kamar shekara uku, daga nan ta fara ja baya. Amma daina haihuwa ba mutuwa ba ce. In an ba ta ruwa da inuwa da abin da za ta riƙa gaigaya, domin haƙorin zomo ba ya daina tsawo, tana iya ninka waɗannan shekaru har sau biyu ko fiye. A kejinsa an yi mai shekara bakwai. An yi mai takwas. Ya san haka ne domin a jikin katakon kowane keji yakan karce ranar haihuwa da ƙusa, da ajami.

Maimuna, wata mai sana'ar ɗinki a Gobarau, na cikin waɗanda suka amfana da shi. Ta ce shekara takwas da suka wuce ta sayi zomaye biyu. Wata safiya ta leƙa ta ga wasu jajayen abubuwa guda shida suna motsi cikin gashi. Ta ɗauka ɓera ne ya shiga ya haihu, domin ita zomon da ta sani tun tana ƙauye na daji ne, wanda ake haifa da gashinsa da idonsa a buɗe. Ta kwashe su a cebur za ta kai juji, maƙwabciyarta ta ce ta dakata a kira Mai Zomo, wato Malam Sammani. Ya zo a kekensa, ya duba, ya mayar da su cikin gashin. Bayan kwana biyu ta sake aika masa cewa uwar ta ƙi su, ko kallonsu ba ta yi, za ta fara ba su madara da cokali. Ya sake zuwa. Ya bayyana mata cewa zomanya sau ɗaya take shayarwa a yini, wani lokaci sau biyu, na 'yan mintoci, kuma ba ta yi a gaban mutane. Ya juya ɗan guda ya nuna mata cikinsa a cike. Ta ce da zai fita ya tsaya a zaure ya ce mata: “Hajiya, suna ɗaya gare su da na daji, amma ba halitta ɗaya ba ne. Kuma don Allah ki sa mata ruwa. Mai shayarwa ce.” Biyar daga cikin shidan sun rayu. Jikokinsu na nan a gidanta.

Irin wannan kiran ba ya ƙirguwa. Ya hana mutane ɗaga zomo ta kunne, ya nuna musu a tallafo shi ta ƙirji da gindi, don da kunnen yake fitar da zafin jikinsa. A bazarar da famfon makarantar ya lalace har mako bakwai, masu gadi sun shaida cewa sawu huɗu yake yi a yini daga rijiyar wani lambu, yana jiƙa buhunan algarara yana rufa wa kejin. Zomo ko ɗaya bai mutu ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Yana da wata ƙa'ida. Makarantar kan raba 'ya'yan zomo ga malamai da iyayen yara idan sun yi yawa, shi kuwa ba ya barin zomo ya fita ba tare da kasko ba. Shi ke zuwa wurin masu ginin tukwane ya sa a yi masa. Zai miƙa maka zomo da hannun dama, kasko da na hagu, ya ce maka tare suke. Na bincika inda kasaken suka ƙare. A gidaje da dama suna nan, sun yi baƙi, ana zuba garwashi a ciki ana turaren wuta.

Mataimakin shugaban makarantar, Malam Lawal, sau uku yana karɓar zomaye biyu-biyu da kaskonsu guda. Sau uku suna mutuwa cikin watan Afrilu. Duk lokacin sai ya tari Malam Sammani a bakin ofis ya ce masa irin nan nasa ba ƙarko, kuma ai dama an san zomo bai daɗewa. In Malam Sammani ya tambayi batun ruwa, sai ya yi dariya ya ce tun kakanni ba a san haka ba. Daga ofishinsa zuwa kejin taku ɗari da ashirin ne. Na auna. Cikin shekara goma sha ɗaya da ya yi a makarantar bai taɓa yin wannan tafiya ba.

Da ya yi, da ya ga Gwaggo. Zomanya ce mai ruwan toka, an haife ta ranar sha huɗu ga Maris, 2015, kamar yadda katakon kejinta ya nuna. Ɗalibai suka sa mata sunan bayan ta tsufa. Ta haihu sau goma sha ɗaya, kuma yawancin zomayen makarantar zuriyarta ne. Da ta daina haihuwa Malam Sammani bai fitar da ita ba. Kada a ɗauka mutum ne mai tausayin da ya hana shi yanka. Ya kama ɗaruruwa an yanka, ya ci, ya ce da daɗi. Ita dai ya ware ta ne da niyya. Wani malamin aikin gona ya taɓa gaya masa cewa littattafai sun ce zomon gida na kai shekara goma, amma a ƙasashe masu sanyi, ban da nan. Shi kuma ya ƙudurta sai ya gani ko a nan ma zai yiwu, don ya samu abin nuna wa masu cewa shekara biyu.

Tsufa ya zo mata yadda yake zuwa wa kowa. Hakiya ta rufe idonta na hagu. Ƙafafun baya suka yi tauri, ta daina tsalle. Faratanta suka yi kauri, sai ya riƙa yanke mata duk wata. Ta rame, ƙashin bayanta ya fito, barci ya yi yawa. Ya shimfiɗa mata tsohuwar tabarma kan wayar kejin don kada tafin ƙafarta ya yi gyambo, ya riƙa jiƙa mata dusa, ya sa aka gina mata kasko marar zurfi don kada ta wahala wajen miƙa wuya. Daga ganyen da yake tsintowa a kasuwa take ci.

Kai ne, Malam Sammani, ka yi jinyar tsohuwar da ba ta da sauran amfani a idon kowa, shekara shida, don kawai a san gaskiyar magana ɗaya. Masu bincike suna da ofis da fanka. Kai ƙusa gare ka da katako.

A watan Janairun bana Gwaggo na da shekara tara da wata goma. Saura wata biyu. A watan ne kuma ritayarsa ta zo, aka kafa kwamitin walimar ban kwana, Malam Lawal na shugabanta. Aka aika a ƙirga zomaye don miƙa aiki, rahoto ya dawo cewa akwai maza shida da suka yi yawa da tsohuwa ɗaya da ba ta haihuwa. Kwamiti ya yanke shawara a yi farfesu da su bakwai ɗin, a ci a walimar karrama Malam Sammani. Ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan.

Da labari ya kai masa, ya je ofis, ya cire takalmi, ya gaishe da Malam Lawal yadda ya kamata, ya tambayi iyali da gajiya. Sannan ya ce ya ji an tanadar masa agogon bango da shadda, yana godiya, amma yana roƙon a riƙe su a ba shi Gwaggo. Malam Lawal ya ce ba zai yiwu ba. 'Ya'yan da suka yi yawa ne ake rabawa, babba kuwa tana cikin rajistar kayan gwamnati, ba a ba ma'aikaci ita ya tafi gida. Malam Sammani ya ce to a bar ta a kejinta wata biyu, zai riƙa zuwa kyauta. Aka ce wanda ya yi ritaya ba shi da hurumin shiga gonar makaranta. Ya tambaya, to yanka fa? Aka ce wannan kam ƙa'ida ta yarda, dabbar da ta daina amfani ana fitar da ita a yanka. Wato ƙa'ida ta halatta a ci ta, ba ta halatta a bar ta da rai ba. Malam Sammani ya ce Allah shi kyauta, ya sa takalminsa.

Ranar walimar, tun da safe aka kwashe su bakwai aka zuba a kwalaye aka ajiye a bayan kicin. Mai yankan shi ne Malam Babaji, limamin masallacin makarantar, dattijo ne da ya haura saba'in. Wani aiki ya riƙe shi, bai iso ba sai bayan azahar. 'Yan kwamiti suka taru suna jira, har da Malam Lawal, don lokaci ya ƙure. Malam Sammani na gefe a tsaye cikin sababbin kaya, riƙe da kasko marar zurfi cike da ruwa. Ya ce ba da wata manufa ya kawo ba. Lokacin ruwanta ne ya yi.

Malam Babaji ya wasa wuƙa. Da aka fara fito da Gwaggo, ya ce a ba ta ruwa tukuna, kamar yadda ake yi wa kowace dabba kafin a kwantar da ita.

“Malam, zomo ne fa, ba rago ba,” in ji Malam Lawal. “Bai shan ruwa.”

“A ba ta dai. In ta ƙi, mun fita haƙƙinta.”

Malam Sammani ya durƙusa ya ajiye kaskon ta ɓangaren idonta mai gani. Tun safe take cikin kwali. Ta ja jiki ta sa baki. Waɗanda ke wurin sun ce ta ɗauki lokaci tana sha, har ana jin ƙarar lasar, ta ɗago, ta sake komawa. Mutum tara ne a tsaye, bakwai daga cikinsu malamai. Wata mai girki ta ce ikon Allah.

Malam Babaji ya ɗauke ta ya shafa bayanta, ya ji ƙashi, ya duba idon. Ya tambayi shekarunta. Da aka gaya masa sai ya sake tambaya, Malam Sammani ya ce ranar na jikin katako in ana son gani. Dattijon ya ce ta girmi jikarsa da ke aji huɗu a firamare. Ya ce naman wannan ko an kwana ana dafawa igiya za a tauna. Sannan ya juya ga Malam Lawal ya tambaye shi, takardar kwamiti cewa ta yi a fitar da zomaye bakwai don walimar wa? Aka ce ta Sammani. Ya ce to a al'ada mai walima yana da kasonsa, ko ba haka ba? Aka ce haka ne.

“To ga kasonshi nan,” in ji Malam Babaji, ya miƙa masa ita. “Shi ya san yadda zai ci abinshi. Ku kawo mani shidan.”

Malam Lawal ya dubi kaskon. An ci farfesun zomo shida. An yi jawabi biyar, an yabi haƙurin Malam Sammani da zuwansa aiki kan lokaci. A cikin biyar ɗin ba wanda ya ambaci ruwa. A rajistar makaranta kuwa an rubuta cewa an yanka bakwai.

Na je gidansa a Ƙofar 'Yandaka makon jiya. Gwaggo na nan a wani keji da ya haɗa a gindin bango, inda rana ba ta kaiwa. Ta cika shekara goma cikin azumin bana. Ya ce ranar yana azumi ya cika mata kaskon sau uku, kamar kullum. Ya ciro katakon tsohon kejinta ya kafa a sabon. Ba ta gani sosai yanzu, kuma ya ce bai sa ran za ta ga damina ba. Bai faɗa da baƙin ciki ba. Ya ce abin da yake son sani ya sani. Zomanyar da gwamnati ta cinye tun Janairu tana kwance tana tauna ganyen karas.

Ya ba ni labari cewa bayan Sallah Malam Lawal ya zo har gida. Bayan doguwar gaisuwa ya ce yara sun matsa masa ya sake sayen zomaye, ko akwai sauran kasko? Malam Sammani ya ce masa: “Ranka shi daɗe, ai uku na gidanka.”

Sammani na Gwaggo, mai kasko. Kai ne ka shayar da abin da gari ya ce ba ya sha, ka tsufar da abin da gari ya ce ba ya tsufa. Kai ne ka amsa kiran gidajen da ba ka sani ba, ka maimaita magana ɗaya sau dubu ba tare da ka ɗaga murya ba, abin da yawancinmu ba za mu iya ba. Ba a ƙara maka girma a takarda ba, agogon bangon ma na ga ba ka rataye ba. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya da tsufa mai kyau, ya haɗa ka da masu kula da kai yadda ka kula da ita.

Saura mu. Har ranar da nake wannan rubutu ba a ɗauki wanda zai maye gurbinsa ba, akwai zomaye talatin da biyar a bayan ɗakin gwaje-gwaje, kuma Afrilu muke ciki. Taku ɗari da ashirin ne daga ofis. Masu zomo a gida kuma, koyi da mutumin nan ba ya buƙatar kwamiti ko walima. Kaskon da ya ba ku yana nan a ɗaki. A zubar da tokar turaren, a wanke, a zuba ruwa.